Kafin ka sayo wa tsohuwar kwamfuta katin hoto, buɗe cikinta ka duba

Mu ma'aikatan gidajen rediyo, shekara da shekaru aikinmu murya ne kawai. Mutum ya shiga situdiyo da rigar da ya ga dama, ya yi maganarsa ya fito, babu wanda ya san ko ya wanke fuska. Yau abin ya sake. Shirin da muka gabatar da safe, kafin azahar masu saurare suna son ganinsa a Facebook da WhatsApp, da fuskar baƙo, da ta mai gabatarwa. Ƴan uwanmu da ke ci-rani a Libiya da Aljeriya da Abijan su ma suna can suna jira. Wannan ne ya sa kwamfutar da ta daɗe tana yi mana aikin haɗa sauti ba tare da gardama ba, rana ɗaya muka wayi gari muka aza mata kayan da ba don su aka ƙera ta ba.

Kwamfutar tamu, ko ordinatar kamar yadda aka fi faɗa a gari, irin ta biro ce, siririya, wadda ake kwantarwa a kan tebur a ɗora ekaran a bisanta. Gwanjo ce tun ranar da ta shigo gidanmu, ƙirar wajen 2013. A aikin sauti ba ta taɓa ba mu kunya ba. Tun zamanin Cool Edit, wanda kamfanin Adobe ya saya a 2003 ya sake masa suna Audition, yanka murya da haɗa ta ba su buƙatar wani ƙarfin hoto. Amma da muka fara zuba mata bidiyon da aka ɗauko da waya, sai ta koma kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi. Hoto ya tsaya, murya ta wuce, a jira, a sake.

Ƙaninmu da ke kula da montaj ya ce maganin abin shi ne katin hoto, wanda masu gyara ke kira kart grafik. Muka yi karo-karo, gidan ya cika sauran, ya tafi kasuwa. Da la'asar sai ga shi da wani ƙaton kati mai fanka biyu, RX 580, mai jiga 8. Kowa ya taɓa, kowa ya yaba. Matsala ta farko, murfin kwamfutar ya ƙi rufuwa, katin ya fi akwatin tsayi. Muka ce ba komai, a bar ta a buɗe, ta ma fi shan iska. Matsala ta biyu, katin yana da wata kafa mai ramuka 8 da ke neman wayar wuta, kuma babu irin wannan waya a cikin kwamfutar. Aka komo kasuwa aka sayo wata ƴar waya mai araha da ke jawo wuta daga kafar da ake ba disik. Aka kunna, hoto ya fito, muka yi tafi.

Kwana uku muka yi da wannan murna. Ana cikin fitar da bidiyon wata hira, sai ƙaurin roba ya cika ɗakin, ekaran ya yi baƙi. Ƴar wayar nan ta narke, akwatin wutar kwamfutar ya mutu. Abin da ya fi tsinka mana zuciya shi ne disik ɗin da ke jone kusa da wurin, domin a cikinsa akwai hirarrakin da muka yi da dattawan gari shekaru da dama, wasunsu Allah ya yi musu rasuwa, kuma ba mu da kwafinsu a ko'ina. Allah ya kiyaye, disik bai taɓu ba. Amma mun yi mako biyu muna aron kwamfutar wani sashe da dare. Laifin ba na katin ba ne, ba kuma na kwamfutar ba. Namu ne, mu da muka sayi kaya kafin mu tambayi gidan da za a sauke shi.

To, me ya kamata mu duba tun farko?

Kowace kwamfuta tana da ɓangaren da ke zana abin da ido ke gani a ekaran. A yawancin kwamfutocin biro, wannan ɓangare ɗan ƙarami ne da ke cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, kuma yana aron wurin aiki daga ram. Ya isa rubutun wasiƙa da lissafi da kallon fim. Shi kuwa katin hoto faranti ne mai zaman kansa, da tasa ƙwaƙwalwar, da nasa wurin ajiya, da tasa fankar, ana soka shi a wani dogon gurbi da ke jikin babban farantin kwamfuta, wanda ake kira kart mer.

Gurbin nan shi ne abin dubawa na farko, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Daga 1997 zuwa tsakiyar shekarun 2000 ana amfani da wani gurbi mai suna AGP. Daga 2004 PCI Express ya fara maye gurbinsa, kuma shi ake kai har yau. Idan kwamfutarka ta zamanin AGP ce, irin waɗanda suka cika wuraren siber na farko a Yamai da Maraɗi, ka bar ta ta huta, babu katin kirki da za ka samo mata. Idan kuwa PCI Express ne, an yi sa'a, domin sabon kati yana shiga tsohon gurbi ya yi aiki, ko da gudunsa ya ɗan ragu. Sai dai a yi hattara da kwamfutocin da suka girmi 2012. Wasunsu tsarin tashinsu tsohon BIOS ne, ba UEFI ba, kuma akwai sababbin katunan da ba su jituwa da shi. Sai a kunna, fanka na juyawa, ekaran shiru.

Abu na biyu shi ne wanda ya ci mu, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Cikin kowace kwamfuta akwai wani akwatin ƙarfe inda wayar kuran ke shiga, masu gyara suna ce masa alimantasiyo. Shi ke karɓar kuran na bango ya rarraba shi ga kowane ɓangare. A jikinsa akwai takarda da aka rubuta iyakar ƙarfinsa da wat. Kwamfutocin biro sirara, irin su OptiPlex na Dell, ko EliteDesk da ProDesk na HP, ko ThinkCentre na Lenovo, waɗanda su ne suka cika birorinmu da makarantunmu, akwatin wutarsu yakan tsaya tsakanin wat 180 zuwa 255. Waɗanda suka ƙera su sun yi lissafin abin da ke ciki ne kawai, ba su bar wani rara mai yawa ba.

Gurbin PCI Express da kansa yana iya ba kati wuta har wat 75, ba ya wuce nan, kuma a wasu ƙananan akwatuna littafin na'urar ma yakan faɗi ƙasa da haka. Katin da ke cin fiye da wat 75 dole a ƙara masa waya kai tsaye daga akwatin wuta: mai ramuka 6 tana ƙara wat 75, mai ramuka 8 tana ƙara 150. Katin da muka sayo yana cin wat 185 shi kaɗai, kuma masu shi sun ce a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 500. Namu bai kai 260 ba, ga furosesa na cin nata, ga disik, ga fankoki. Ita kuma kafar disik da muka jawo wuta daga gare ta, iyakar abin da aka yi ta ta ɗauka wat 54 ne. Muka tura mata ninkin haka. Da mun ɗauki biro da takarda minti biyar, da mun ga wutar tun ba ta kama ba.

Wani zai ce, to a sake akwatin wutar mana da babba. A kwamfutar da aka harhaɗa a shago, mai babban akwati a tsaye, haka ake yi, domin kafar wutarta ta kowa da kowa ce, mai ramuka 24. Amma manyan kamfanonin nan sukan yi tasu kafar daban. OptiPlex 3020 da 7020 da 9020, alal misali, kafarsu mai ramuka 8 ce, kuma siffar akwatin wutar siririyar kwamfuta ba irin ta kasuwa ba ce. Akwai wayoyin da ke haɗa wannan da wancan, amma mu da muka shaƙi ƙaurin roba ba za mu tura kowa wannan hanya ba.

Abin da ya rage wa mai irin kwamfutarmu shi ne katin da gurbi kaɗai ke ciyarwa, kuma gajere, wanda murfi zai rufu a kansa. Irin waɗannan suna zuwa da ƙarfen baya iri biyu, dogo da gajere. Ka tabbata mai shago ya ba ka gajeren, domin a kayan gwanjo shi ne ke fara ɓacewa. Ka kuma auna da ma'auni, tsayi da kauri, kafin ka bar gida. Wasu katunan suna cin wurin gurbi biyu, kuma a wasu akwatunan gurbin yana manne da akwatin wuta.

A cikin wannan dangi akwai GTX 750 Ti na 2014 mai cin wat 60, da GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019 masu cin wat 75, da RTX 3050 mai jiga 6 da ya fito a 2024 mai cin wat 70. Ko a cikinsu ma a duba, domin wasu kamfanonin sukan ƙara wa nasu kafar wuta. A ƙasa da su akwai GT 1030 na 2017, wanda ya fi yawa a shagunanmu saboda sauƙin kuɗi. Shi wannan tagwaye ne masu suna ɗaya: akwai mai GDDR5, akwai kuma mai DDR4 da ya biyo baya a 2018, wanda gudunsa a wasanni yakan faɗo kusan rabin na ɗan uwansa. A kwali bambancin ƴan haruffa ne ƙanana. Sannan ga mai aikin bidiyo, GT 1030 ba shi da ɓangaren nan da Nvidia ke kira NVENC, mai saurin matse bidiyo lokacin fitarwa. Haka shi ma RX 6400 na AMD, na 2022, ba shi da irin wannan ɓangare, ko da yake wat 53 kawai yake ci. Ga yaro mai son wasan ƙwallo a ekaran ba laifi, ga mai montaj kuwa asarar kuɗi ce. Katunan Arc na Intel suna da kyau a wajen bidiyo, amma suna son wata dabara da ake kira Resizable BAR, wadda tsofaffin kwamfutoci ba su da ita.

Me ya sa ma bidiyon waya ke wahalar da tsohuwar na'ura haka? Wayoyi da yawa yanzu suna ajiye bidiyo da tsarin HEVC, wanda ke rage nauyin fayil. IPhone ta koma kansa tun 2017. Furosesar Intel ta 2013 ba ta da ɓangaren da ke warware wannan tsari, sai ta yi aikin da ƙarfin tsiya, tana haki. Kati irin GTX 1050 Ti yana da shi. Amma ga wata dabara da ba ta cin ko tamma: a shiga saitin kamarar wayar a mai da ita H.264, tsarin da furosesar Intel ta iya tun 2011. Da mun san wannan, da rabin kukanmu ya ƙare ba mu je kasuwa ba.

Sai maganar kasuwar kanta. Katunan da ke iso mu yawanci sun sha hannu, wasu ta Kano da Legas, wasu daga Dubai da Sin, wasu a cikin kwantenar gwanjon Turai. Ranar da GTX 1050 Ti ya fito, kuɗinsa dala 139 ne, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Ya haura jaka 70 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma jaka 42 a 2024. Saboda haka idan aka miƙo maka shi sabo fil a kwali da kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, ka tsaya ka yi tunani. An daɗe da sanin cewa akwai masu ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 na 2010, su sake masa rubutun ciki, Windows ta nuna sunan GTX 1050 Ti. Alama ɗaya mai sauƙin gani: idan yana da kafar VGA, shuɗiyar nan mai ramuka 15, to da wuya ya zama na gaske, domin katunan wannan zubi sun daina zuwa da ita. Akwai kuma wata ƴar manhaja ta kyauta, GPU-Z, da ke karanta ainihin abin da ke cikin kati, har takan rubuta cewa na jabu ne. Ka sa ta a kile ka tafi da ita shago. Mai gaskiya ba zai hana ka gwadawa ba.

Shi kuwa RX 580 da ire-irensa, dalilin da ya sa suka yi araha daban ne. Shekaru an yi ta amfani da su wajen haƙar kuɗin intanet, dare da rana ba kashewa. A ranar 15 ga Satumba 2022 kuɗin Ethereum ya sake tsari, ya daina buƙatar katunan hoto, sai masu su suka zubo su kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji. A sa mai shago ya kunna shi ya yi aiki mai nauyi ko da minti goma sha biyar ne, a saurari ƙarar fanka, a duba ko ɗigo-ɗigo ko layuka na fitowa a hoto.

Maganar VGA ta tuna mana wani abu. Yawancin ekaran da ke birorinmu wannan shuɗiyar waya suke amfani da ita. Sabon kati kuwa HDMI da DisplayPort yake da su, wani lokaci da DVI. Ƴar mahaɗar DVI zuwa VGA ta da, wadda babu komai a cikinta sai waya, ba ta aiki da katunan da suka fito daga 2016. Sai an sayi mahaɗa mai ɗan injin juya hoto a ciki, daga HDMI zuwa VGA. A sa kuɗinta cikin lissafi tun farko.

Sa katin kansa ba wani aiki ba ne. A zare wayar kuran, a danna maɓallin kunnawa don sauran wutar ta fita, a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kati, musamman lokacin hunturu da iska ke bushewa har mutum ya ji tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota. A cire marfin baya, a danna katin har ɗan makullin gurbi ya kama. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne mayar da wayar ekaran tsohuwar kafarta. A jikin sabon katin za a soka ta. Daga nan sai pilot, wato manhajar da ke sa Windows ta san yadda za ta yi magana da katin. A ɗauko ta daga shafin kamfanin da kansa. Nauyinta yakan haura mega 500, saboda haka a tanadi forfe mai isa, ko a bari sai dare.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba su cika faɗa ba domin ba su zauna Tawa a watan Afrilu ba. Kati na ƙara zafi a cikin akwati, ɗaki kuma ya riga ya haura digiri 40. Katunan Nvidia na wancan zubi sukan fara rage gudu da kansu idan suka kai wajen digiri 83. Ƙurar hunturu kuma takan toshe fanka kamar auduga. Kwamfutar da aka ƙara wa kati tana son a ɗaga ta daga ƙasa, a nisanta ta da bango, a riƙa hure mata ƙura. Kuran namu 220 ne, kuma yana hawa da sauka, saboda haka regilater ko ondiler ba ado ba ne, sai dai a tuna cewa ƙaramin ondiler da ke riƙe kwamfuta a da, yanzu an ƙara masa kaya. Tsofaffin kwamfutocin da suka fito daga Amurka kuma, wasu suna da ɗan jan maɓalli a bayan akwatin wuta mai lamba 115 da 230. Idan yana kan 115 aka soka a bangonmu, ƙara ɗaya za a ji.

Duk da wannan dogon bayani, tambayar da ta fi kowace ita ce ko katin ne ma ciwon. A buɗe aikin da ke wahalar da na'urar, a danna Ctrl da Maj da Echap tare, a duba wane ɓangare ne ya cika ɗari bisa ɗari. Sau da yawa disik ne, ko ram. Kwamfutar da ke jinkirin tashi, ko jinkirin buɗe fayil, babu katin hoton da zai warkar da ita. Disik na SSD da ƙarin ram sun fi araha, kuma a ganinmu su ne ke fara cancantar kuɗin mutum. Mai sakatariya ko mai shagon buga takardu ba shi da abin yi da katin hoto sam, sai fa idan yana son ekaran biyu ko uku.

A kuma san shekarun da suka rage wa na'urar. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da wani ƙarin wa'adi na gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama, wato daga 2017. Tamu ta 2013 ba ta cikin lissafi. Ita ma Nvidia, daga Oktoba 2025 ta daina yi wa dangin GTX 750 Ti da GTX 1050 Ti sababbin pilot, sai gyaran tsaro kawai har zuwa 2028. Ba wai gobe za su daina aiki ba ne. Amma bai kamata a zuba wa tsohuwar kwamfuta kuɗin da ya kusa sayen wadda ta fi ta ƙuruciya ba, kuma abin da za a saya ya zama wanda za a iya cirewa a kai wata, kamar kati da SSD.

Mu dai ga yadda muka ƙare. Mai gyara ya samo mana akwatin wuta irin na asali daga jikin wata kwamfuta da farantinta ya mutu. Ƙaton katin nan muka sayar da shi da faɗuwa ga wani matashi mai ɗakin wasanni, wanda ke da babban akwati da wutar da ta isa, kuma har yau yana yi masa aiki. Muka nemo gajeren GTX 1050 Ti, muka gwada shi a shago da GPU-Z a gaban mai shi kafin mu ƙirga kuɗi. Muka sa SSD, muka kai ram jiga 16, muka mai da wayoyin ƴan rahoto kan H.264. Bidiyon hirar safe yanzu yakan fita kafin a sauke shayi na biyu. Hirarrakin dattawa kuma mun kwafe su a disik biyu, ɗaya yana cikin durowar darakta, ɗaya a gidan ɗayanmu. Ƙaninmu mai montaj shi aka ɗora wa hure ƙura duk ranar Asabar, kuma murfin kwamfutar yanzu a rufe yake.